Ƙorafin Gadin Jarabawa: Kafin Ka Ɗora a Facebook, Ka Kai Inda Za a Gyara

Duk shekara, da zarar WAEC ta kankama a watan Mayu, ko NECO ta biyo baya a Yuni da Yuli, wayoyinmu sukan cika da labari iri ɗaya. Wani ya rubuto a guruf ɗin unguwa cewa an karɓe musu takarda tun lokaci bai cika ba. Wata ta turo murya a WhatsApp tana kuka, wai mai gadin jarabawa ya ce ta yi satar amsa alhali ko waiwaye ba ta yi ba. Wani kuma ya ɗora hoton malami a Facebook, da sunansa da na makarantarsa, ya ce a taya shi yaɗawa. Kafin la'asar tsokaci ya cika, an zagi malamin, an zagi iyayensa, an haɗa da gwamnati. Bayan kwana biyu wani sabon zance ya taso, kowa ya watse. Ɗalibar da aka zalunta tana nan da zaluncinta. Malamin da aka yi wa ƙazafi, in ƙazafin ne, yana nan da tabonsa. Kuma ko takarda ɗaya ba ta isa teburin wanda ke da ikon gyarawa ba.

Matsayin wannan fili a bayyane yake. Ɗalibi na da haƙƙin ya yi ƙorafi kan yadda aka yi gadin jarabawarsa, kuma wajibi ne hukuma ta buɗe masa ƙofa, ta saurare shi, ta ba shi amsa a rubuce. Amma ƙorafi aiki ne mai ƙa'ida. Wanda ya iya shi yakan ƙwato haƙƙinsa har ya ƙwato na wasu. Wanda bai iya ba yakan jawo wa kansa da 'yan ajinsa asarar da ta fi ta farko.

Me ya sa abin ya fi yi mana ciwo a nan

A wasu wuraren jarabawar kammala sakandare mataki ne da kowa ya san zai taka. A Talata Mafara da Bakura da Maradun, yaron da ya kai ga zama a kan bencin jarabawa ya riga ya tsallake abubuwa da yawa.

Ba mu manta da daren 26 ga Fabrairun 2021 ba, lokacin da 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Jangebe, a ƙaramar hukumar Talata Mafara, suka kwashe ɗalibai. 'Yan mata 279 ne suka dawo ranar 2 ga Maris. A watan Agustan wannan shekarar aka afka wa Kwalejin Aikin Gona da Kiwon Dabbobi ta Bakura, aka tafi da ɗalibai 15 da ma'aikata 4. Ranar 1 ga Satumba kuma aka sace ɗalibai 73 a makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya, a ƙaramar hukumar Maradun. Bayan nan gwamnatin jiha ta rufe makarantu, aka kuma katse layukan waya a faɗin Zamfara. Ƙananan hukumomi uku, hare-hare uku, a cikin wata bakwai kacal.

Sai ga matsalar kuɗi a kai. A 2022 WAEC da kanta ta sanar cewa Zamfara da Sakkwato ba su gabatar da ɗaliban makarantun gwamnati a jarabawar shekarar ba. Wasu da suka rubuta a shekarun baya sun daɗe ba su ga sakamakonsu ba, saboda bashin da hukumomin jarabawa ke bin jihar. Sai bayan hawan Gwamna Dauda Lawal a 2023 aka ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi, gwamnati ta sanar da biyan basussukan, aka sako sakamakon da aka riƙe. Tsakanin nan da can, wasu 'yan matan an aurar da su, wasu samarin sun tafi ci-rani, karatu ya tsaya inda ya tsaya.

To ka duba. Uba ya sayar da buhun shinkafar da ya noma a gonakin Bakolori ya biya kuɗin jarabawa. Uwa ta kwana tana addu'a duk ranar da 'yarta ta hau babur zuwa santa. Sai a zo cikin awa biyu ko uku, sakacin mutum ɗaya ko son zuciyarsa ya rushe shekara shida. Dole abin ya yi zafi, kuma zafin halal ne. Tambayar kawai ita ce ina za a kai shi.

Kada kuma wani ya ce mu mutanen gefe ne da ba a jin muryarmu. Daga 1999 zuwa 2023, shekara 20 cikin 24 ɗan ɗaya daga cikin waɗannan garuruwa uku ne ke gidan gwamnati a Gusau: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, sai Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. A Mafara ne Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau take, a nan kuma aka kafa jami'ar jiha. Yankin da ya san hanyar ofis a harkar siyasa bai kamata ya jahilci hanyar ofis a harkar karatun 'ya'yansa ba.

Wane ne wane a ɗakin jarabawa

Da yawa daga cikinmu idan za mu yi ƙorafi sai mu ce "malaman WAEC sun yi kaza". Wannan jimla ba ta kai ka ko'ina, domin mutanen da ke cikin ɗakin ba ƙarƙashin shugaba ɗaya suke ba.

Akwai sufabaiza, wanda yawanci malami ne daga wata makarantar daban. Shi ke ɗauko takardun tambayoyi daga inda aka ajiye su, ya kawo su a rufe, a buɗe a gaban ɗalibai, ya kula da lokaci, ya tattara takardun amsa ya mayar. Shi ke rubuta rahoton abin da ya faru a ranar. Akwai masu gadin jarabawa, waɗanda galibi malaman makarantar ne, su ke zagayawa tsakanin layuka. Akwai shugaban makaranta da jami'in jarabawarta, su ke da alhakin ɗaki da benci da tsari. Sannan akwai jami'an hukumar jarabawar kanta da na ma'aikatar ilimi, masu zuwa duba-gari ba tare da sanarwa ba.

Idan takarda ta iso a makare, mai yiwuwa ba laifin kowa a makarantar ba ne. Idan an cusa ɗalibai huɗu a benci ɗaya, wannan na makaranta ne. Idan an karɓi kuɗi a bakin ƙofa, sai a tambaya wa ya karɓa, wa ya aiko shi. Sanin wannan bambanci shi ne rabin ƙorafin, don shi zai nuna maka ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya tukuna

Ƙorafe-ƙorafen da ake yi kan gadin jarabawa ba nauyinsu ɗaya ba. Akwai na haƙƙi tsantsa: an rage lokaci, an fara a makare ba a cike gurbin ba, an raba takardar da ba ta cika ba, an ci zarafin ɗalibi a gaban jama'a, namiji ya laluba jikin ɗaliba da sunan bincike, an bar 'yan gata suna kwafa an matsa wa 'ya'yan talakawa, an nemi kuɗi an ce wanda bai bayar ba zai gani, ko an rubuta sunan yaro cikin masu satar amsa ba tare da an ji ta bakinsa ba. Duk wanda ɗayan waɗannan ya same shi, kada ya yi shiru.

Amma akwai wani nau'in da mu kanmu mun san shi. Shi ne idan aka fito ana cewa sufabaizan yau mugu ne, ba shi da imani, ya hana yara sakat. Da ka bi zancen sai ka tarar muguntar tasa ita ce ya hana a rubuta amsa a allo, ya hana shigo da waya, ya ƙi karɓar ambulan ɗin da aka haɗa masa. Wallahi wannan ba zalunci ba ne, aikinsa ya yi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Muddin iyaye na neman mirakul santa su kai 'ya'yansu, muddin ɗalibai na haɗa kuɗin "taimako" tun kafin a fara, to mun raunana bakinmu da kanmu ranar da za mu yi kukan gaskiya. Jami'in da ya saba jin irin wancan ƙorafi, idan naka na haƙƙi ya zo, kallon ɗaya zai yi musu.

Kuma doka ba ta bar kowa ba. Dokar hana maguɗin jarabawa ta 1999 ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko duka biyun, ga ɗalibin da bai kai shekara 18 ba. Ga shugaban makaranta ko malami ko mai gadi ko sufabaiza kuwa, ɗaurin shekara 4 ne babu zaɓin tara. Wato doka ta fi tsananta wa babba. Wannan makami ne a hannun ɗalibin da aka nemi ya ba da cin hanci, in dai hannunsa shi ma a wanke yake.

Darasi biyu daga 2025, ɗaya daga 2023

Masu cewa ƙorafi ba ya amfani a Najeriya, su tuna abin da ya faru a 2025. Da sakamakon JAMB ya fito, ɗalibai da iyaye suka yi ta kuka cewa makin bai yi kama da ƙoƙarin yaransu ba. Abin da ya ba kukan nauyi shi ne an tattara shi: lambobin rajista, sunayen cibiyoyi, ranaku da lokutan zama, har aka ga matsalar ta taru a wasu wurare takamaimai. Ranar 14 ga Mayu, shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida har da hawaye, ya amsa cewa an samu tangarɗa a cibiyoyi 157 a Legas da jihohin kudu maso gabas, wadda ta shafi ɗalibai 379,997. Aka sake musu jarabawa.

Mako biyu bayan nan, ranar 28 ga Mayu, takardar Ingilishi ta WAEC ta makara a sassa da yawa na ƙasar nan, har yara suka rubuta da daddare da tocila da kyandir. Hukumar ta ba da haƙuri, ta ce ƙoƙarin hana fitar tambayoyi ne ya jawo jinkirin, Majalisar Wakilai kuma ta kira shugabanninta su yi bayani. Da sakamako ya fito a farkon Agusta, aka ce kashi 38.32 cikin ɗari ne kawai suka samu kiredit biyar har da Ingilishi da Lissafi. Aka yi ca. Cikin 'yan kwanaki WAEC ta dawo ta ce ta gano kuskure wajen makin tambayoyin canki-canka, ta gyara, adadin ya koma kashi 62.96. Ka yi lissafi: a cikin kusan ɗalibai miliyan biyu, dubban ɗaruruwa ne da tuni sun haƙura sun ɗauka sun faɗi.

Ga ɗaya gefen kuma. A 2023 wata ɗaliba a jihar Anambra ta ce ta ci maki 362 a JAMB, hukumar ta ce 249 ne makinta. Kafafen sada zumunta suka ɗauki zafi, aka raba gari biyu, aka sa ƙabilanci a ciki, aka zagi hukumar iya zagi. Kwamitin da gwamnatin jiharta ta kafa ya zauna, ya duba bayanai, yarinyar ta amsa cewa ita ta sauya sakamakon. Waɗanda suka yi ta yaɗawa suka goge rubutunsu suka yi gaba, ita aka bari da dakatarwar shekara uku da kunyar da duk ƙasa ta gani.

Abin da ya raba waɗannan labarai shi ne hujja. Surutu ya taimaka wajen jawo hankali, ba mu musa ba. Amma abin da ya sa hukuma ta sunkuyar da kai lambobi ne da ranaku da bayanan da ba ta iya ƙaryatawa. Inda babu su, ramin ƙarya ƙurarre ne, ko da mutum miliyan ne suka taya yaɗawa.

Abin da ɗorawa cikin fushi ke jawowa

Na farko, ɗan'uwa, bidiyon da ka ɗauka a cikin ɗakin jarabawa shaida ce a kanka kafin ta zama shaida a kan kowa. Shiga da waya laifi ne da kan sa a soke sakamakon ɗalibi gaba ɗaya. Ka je ƙwato minti ashirin, ka dawo ka rasa darasi tara.

Na biyu, hukumomin jarabawa na da hukuncin da ke hawa kan santa baki ɗaya idan suka gamsu an yi maguɗin taron dangi. Suna iya soke darasin ga kowa, suna iya janye amincewa da makarantar. Rubutun da ka yi cikin gaggawa, wanda ya nuna kamar kowa a ɗakin kwafa yake yi, zai iya cin yarinyar da ta kwana tana karatu da fitilar waya, wadda ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. A garin da makarantun da ake zana jarabawa ba su da yawa, rasa santa ɗaya na nufin ƙannenka su riƙa bin hanya mai nisa, kuma kowa ya san abin da hanya mai nisa ke nufi a wajenmu.

Na uku, kuma wannan namu ne na musamman: tsaro. Hoton da ke nuna ƙofar makaranta, da fuskokin ɗalibai mata, da bayanin cewa gobe ƙarfe kaza za su sake taruwa, ba abokanka kaɗai ke ganinsa ba. Bayan Jangebe da Kaya bai kamata a tsaya yi wa kowa dogon bayani a kan wannan ba.

Na huɗu, magana zarar bunu ce. Ɓata suna laifi ne a dokokinmu, kuma an sha gurfanar da matasa da 'yan jarida ƙarƙashin sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. Ko babu kotu, akwai Allah. Addini ya hore mu da bin diddigin labari kafin mu yaɗa shi. Malamin nan da aka liƙa hotonsa yana da mata da 'ya'ya, ranar Talata zai shiga kasuwa, ranar Juma'a zai shiga sahu. Idan daga baya ta bayyana ba shi ba ne, wa zai bi guruf-guruf yana wanke shi?

To yaya ake yi?

A cikin ɗaki, ka ɗaga hannu ka faɗi damuwarka cikin ladabi, ga mai gadi ko ga sufabaiza. In an gyara, shi ke nan. In ba a gyara ba, kada ka yi faɗa, kada ka yaga takarda, kada ka fita cikin fushi. Ka ƙarasa jarabawarka. Wanda ya tayar da hayaniya ya ba da dalilin da za a rubuta sunansa, kuma daga nan labarin ya tashi daga abin da aka yi masa ya koma abin da ya yi.

In an zarge ka da satar amsa aka ba ka fom ka cike, ka karanta kafin ka sa hannu. Akwai gurbin bayanin ɗalibi, ka rubuta naka da hannunka, gajere, a fili: abin da aka samu, inda aka same shi, abin da ka sani a kai. Kada ka sa hannu a farar takarda, kada kuma ka bari a yi maka shifta. Wannan fom ɗin shi ne zai yi magana a madadinka a gaban kwamitin da ba zai taɓa ganin fuskarka ba.

Da ka fito, tun abin na da ɗumi, ka samu takarda ka rubuta: kwanan wata, darasi, sunan santa da lambarta, lambar jarabawarka, lokacin da aka fara da lokacin da aka karɓa, abin da aka faɗa da wanda ya faɗa, da sunayen waɗanda suka gani kuma suka yarda su ba da shaida. Abin da idonka ya gani daban, abin da aka ba ka labari daban, kada ka gauraya su. Gani ya kori ji.

Daga nan ka sanar da mahaifi ko wani babba a gida. Ke 'yar'uwa, in abin ya shafi taɓa jiki ko maganar banza, ki faɗa wa mahaifiyarki ko yayarki ko wata malama da kika yarda da ita a ranar, kada kunya ta sa ki haɗiye. Ba ke ce mai abin kunya ba.

Sai a rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban makaranta, shafi ɗaya ya isa. A faɗi abin da ya faru, a faɗi abin da ake nema: a binciki lamarin, a saka shi cikin rahoton da za a aika wa hukumar jarabawa, ko a canza mai gadin. A yi kwafi biyu, a sa a buga hatimi da kwanan wata a kan naku. In mutum goma abin ya shafa, wasiƙa ɗaya mai sa hannun mutum goma ta fi wasiƙa goma masu saɓa wa juna. A ba shugaban ƙungiyar iyaye da malamai kwafi, haka ma kwamitin al'umma mai kula da makarantar.

In shugaban makarantar ne ake ƙara, ko an yi kwanaki shiru, sai a wuce ofishin ilimi na shiyya, daga nan ma'aikatar ilimi a Gusau, tare da ofishin hukumar jarabawar da abin ya shafa. WAEC ta buɗe shafi a intanet inda wanda aka riƙe sakamakonsa kan zargin maguɗi zai iya shigar da bayaninsa, JAMB ma na da nata shafin da ake ba mai ƙorafi lambar bibiya. In duk an bi waɗannan ba a dace ba, akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a ta tarayya, wadda aka kafa tun 1975, tana da ofis a kowace jiha, kuma ba a biyan ko kwabo. Sai dai a kula, dokarta ba ta ba ta damar duba abin da ya wuce wata 12 ba a kawo ba. In maganar cin hanci ce, ICPC na nan.

'Yan kwaleji da jami'a, tsarinku ya ɗan bambanta amma ruhinsa ɗaya ne: jami'in jarabawa na sashe, shugaban sashe, kwamitin binciken maguɗi, har zuwa majalisar makaranta. Ku nemi littafin dokokin ɗalibai ku karanta tun kafin ranar ta zo, ku tafi da wakilin ƙungiyar ɗalibai in an kira ku.

Ina matsayin Facebook da TikTok a duk wannan? Suna da shi. Idan an bi matakai an ƙi saurare, fitowa fili hanya ce, kuma mun ga ta yi aiki. Amma a fito da kwafin wasiƙar da aka kai da ranar da aka kai ta, a rufe fuskokin ɗalibai da lambobinsu, a ambaci ofishin da ya yi shiru maimakon a liƙa hoton mutum. Rubutu irin wannan ɗan jarida zai iya ɗauka, ɗan majalisa zai iya tashi da shi, kwamishina kuma ba zai ce ƙarya ne ba.

Abin da muke nema daga masu iko

Ba adalci ba ne a ce wa yaro ya bi hanya alhali ba a share hanyar ba. Yawancin ɗalibanmu suna rugawa waya ne saboda ita kaɗai ce ƙofar da suka sani a buɗe. Don haka muna kira ga ma'aikatar ilimi ta Zamfara da shugabannin makarantun Mafara da Bakura da Maradun da su yi abubuwan da ba sa buƙatar kwangila ko biliyoyi.

A liƙa takarda da Hausa da Ingilishi a ƙofar kowace santa, mai bayanin inda ake kai ƙorafi da lambar wayar ofishin shiyya. A ajiye littafin ƙorafi, duk wanda ya kawo a ba shi shaidar karɓa. A sa wa'adin amsa, domin ƙorafin jarabawa kamar ɗanyen tumatir ne, in ya kwana biyu ya lalace; amsar da ta zo bayan an gama maki ba ta da amfani. Kada wanda ake ƙara ya zauna cikin masu bincike. A tabbatar mace ce ke binciken ɗalibai mata a kowace santa. A rataye agogo a bango inda kowa ke gani, a rubuta lokacin farawa da na gamawa a allo, rabin rigimar lokaci za ta mutu a nan. A kare ɗalibin da ya yi magana daga ramuwar gayya a sauran takardunsa. A ƙarshen zango kuma a faɗa wa iyaye ƙorafi nawa aka samu da abin da aka yi a kansu, ba sai an ambaci suna ba.

Sannan a saurari malamin. Ƙa'idar jin ta bakin kowane ɓangare, wadda sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tsaya a kai, ta ɗalibi ce kuma ta mai gadi ce. Mu tuna sufabaizan nan shi ma ɗan wani ne. Yakan ɗauko buhun takardu a kan babur ya bi hanyar da ko direbobi ke shakka, don alawus ɗin da bai taka kara ya karya ba. Wani ana yi masa barazana in ya hana kwafa, wani ana jifansa in ya fito. In ana so ya tsaya a kan gaskiya, a biya shi a kan lokaci, a tsare masa mutuncinsa, shi ma a ba shi inda zai kai nasa ƙorafin. Sarakunanmu da limamai na da rawar takawa a nan: su faɗa wa iyaye a fili cewa kuɗin "taimako" cin hanci ne, kowane suna aka sa masa.

Gwamnatin tarayya ta sanar a 2025 cewa tana son WAEC da NECO su koma jarabawa da kwamfuta. Ko an koma ɗin, ƙorafi ba zai ƙare ba, kamanni zai sauya: wuta ta ɗauke, na'ura ta tsaya, sabis ya yanke, lokaci na tafiya. Abin da ya faru da JAMB ya isa misali. Yankin da bai koyi rubuta ƙorafi a zamanin biro da takarda ba zai fi shan wahala a zamanin na'ura.

Saboda haka, kai da ke shirin shiga ɗakin jarabawa bana, ka yi karatunka, ka bar waya a gida, ka san haƙƙinka. In an taɓa shi, ka rubuta, ka nemi shaidu, ka kai inda za a gyara, ka riƙe kwafinka. Ku kuma yayye da ke da mabiya dubbai, in ƙaninku ya turo muku kuka, kafin ku danna yaɗawa ku kira shi ku tambaye shi: yaushe, a ina, wa ya gani, an kai wa shugaban makaranta? In bai kai ba, ku zauna ku taya shi rubuta wasiƙar, ku raka shi ya miƙa.

Allah Ya ba ɗalibanmu sa'a, Ya tsare su a hanya da cikin aji, Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya.